Randar Ƙarshe a Layin Manya

Idan ka shigo Kazaure daga wajen Roni ko Gwiwa, kana son kasuwa amma ba ka son cunkoson tasha, akwai wani titi da za ka ratsa. Miƙaƙƙe ne kamar an ja zare, darbejiya dama da hagu, rassansu sun haɗe a sama, rana ma sai ta yi sallama kafin ta taɓa kwalta. Yana da suna a takarda, har allo aka kafa, amma ban taɓa jin bakin da ya kira shi da sunan ba. Yaran yanzu Layin Manya suke ce masa. Mu da haƙoranmu suka fara ƙaura ɗaya bayan ɗaya, Layin Randuna muka sani, domin an yi zamanin da babu gidan da za ka wuce a titin nan ba ka ga randar ruwa a ƙofarsa ba, faifai a kai, moɗa a gefe, kowa ya zo ya sha.

Bara a wajen wani ɗaurin aure na ji wani malami yana kawo misali da randunan nan. Ya ce a dubi mutanen da, a dubi tsoron Allah, attajiri ya fito da ruwa ƙofar gidansa ba wanda ya sa shi. Jama'a suna ta gyaɗa kai. Ni na fi kowa gyaɗawa, har hulata ta zame. Ban tanka ba, don ba a gyara wa malami magana a gaban mutane. Amma akwai wanda ya sa su, kuma yana zaune a sahun baya yana jiran a raba goro.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwiwa. Boko aji biyu na yi, malaminmu ya ce kaina irin duwatsun Kazaure ne, ko kwana bakwai aka yi ana ruwa gangarewa yake yi. Shekarun fari ne suka koro ni gari ina saurayi, ba sana'a, ba ɗan'uwa, sai ciki mai yawan tambaya.

A lokacin titin nan ba titi ba ne, burtali ne. Shanu ke bi su gangara dam, Fulani na biye da su da sanda a wuya. Jar ƙasa ce da tsakuwa, sai sabara nan da can. Cikin gari ya matse wa manya, sai aka yanka musu filaye a wajen, aka kore burtalin ya koma can bayan dutse, aka shara hanya. Aka kuma ce hamada na tahowa, a dasa itatuwa. Malamin daji ya ɗebe mu leburori. Ni aka haɗa da jaki da garwa huɗu, aikina in ɗebo ruwa daga dam in bi dashen darbejiya ɗaya bayan ɗaya. Kowanne bai wuce gwiwata ba, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk wanda ya ga katakon itatuwan nan yau ba zai yarda cewa akuya ɗaya ta isa ta gama da su kafin azahar ba.

Gidaje biyu ne kawai aka gama ginawa, suna kallon juna. Na arewa na wani babban akawu ne, mai tabarau, mai karanta jarida a zaure. Na kudu na wani falken shanu ne da ke kai da kawo tsakanin Babura da Nijar, murya kamar ganga. Mu leburori ba ma kama sunansu, sai mu ce Alhaji na arewa da Alhaji na kudu. Suna gaisawa da fara'a, suna salla a sahu ɗaya, amma idan wannan ya shafa wa katangarsa farar ƙasa, gobe za ka ga wancan ya shafa shuɗi. Wannan ya sayo rediyo, wancan ya sayo wadda ake ji daga dam.

Ranar kasuwa mutanen ƙauye ke biyo hanyar, da ƙafa, da jakuna, da kekuna, mata da ƙwaryar nono a ka. Babu inuwa ko ta tsuntsu, babu rijiya sai cikin gari. Suna ganina da garwa sai su taso: "Samari, a taimaka da ruwa." In na ba su, malamin daji ya ce ruwan gwamnati na itacen gwamnati ne. In na hana, su bi ni da ido, idon kuma ya fi zagi.

Zan so in ce tausayinsu ne ya kawo mini dabara. Ba shi ba ne. Ƙamshin miya ne. Kullum da rana sai iska ta ɗebo ƙamshin miyar kuka da man shanu daga gidajen nan biyu ta kawo mini har gindin dashe, ni kuwa ba abin da ke cikina sai rogo da ƙuli.

Wata safiya na ɗaure jaki na durƙusa a ƙofar zauren Alhaji na arewa.

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa."

Ya leƙo ta saman tabarau. "Kai ne mai jakin nan da ke mana kuka da sassafe?"

"Jakin ne ke kukan, ranka ya daɗe, ni rakiya nake yi. Dama cewa na yi in taya ku murna. Unguwarku za ta yi suna."

"Da me?"

"Ai na ɗauka ka ji. Alhaji na kudu ya aika a gina masa randa, wai zai kafa a ƙofar gida saboda matafiya. Jiya a bakin dam ba maganar da ake sai tasa. Wata tsohuwa har cewa ta yi, ashe dai mai shanu ya fi mai biro sanin ƙishirwa."

Ya ninke jarida a hankali. "Haka ta ce?"

"Tsohuwa ce, ranka ya daɗe, ba a biye musu."

Daga nan na tsallaka hanya, na sami Alhaji na kudu yana duba haƙoran wani bijimi, na zuba masa irin wannan, sai dai na juya tsohuwar: ashe dai ilimi ya fi dukiya sanin lada. Bai bari na ƙarasa ba ya ƙwala wa wani kira.

Kasuwa ta gaba randuna biyu ne ke kallon juna a titin. Randa kuwa ba ta cika kanta. Wa ke da jaki da garwa, yana wucewa sau shida a rana? Tun daga ranar na fara cin tuwo sau biyu, na arewa da azahar, na kudu da la'asar. Wata uku wuyana ya cika, har malamin daji ya tambaye ni ko aure na yi.

Abin bai tsaya nan ba. Na arewa ya sa faifai mai ado, na kudu ya sa murfin tasa. Wannan ya yi wa tasa rumfar zana, wancan ya ƙara randa ta biyu. Matan gida suka shiga, wata ta aiko da kajiji a jefa don ƙamshi, wata ta ce a riƙa turara tata. Duk wanda ya gina sabon gida a layin, kafin ya sa ƙofa sai ya kafa randa, don kada a ce shi ne marowacin unguwa. Akwai shekarar da na ƙirga goma sha huɗu. Na bar aikin daji, na sayi jakina, na zama mai randuna. A kan wannan sana'a na yi aure, a kanta na aurar da 'ya'yana.

Kada a ɗauka zuba ruwa kawai ne. Randa tana da hali. Sai ka haƙa rami ka zuba yashin rafi, ka binne gindinta kamar kashi ɗaya cikin uku, kana jiƙa yashin safe da yamma, sannan ruwan zai yi sanyin da ke sauka har ƙafa. Sai ka duba inda inuwa za ta faɗi da azahar, ba inda take da hantsi ba. Kwana uku-uku ka kwashe, ka goge cikinta da soso, in ruwan dam ya yi ja ka jefa ɗan alif ya kwanta. Moɗa kuwa a ɗaure ta da igiya, ba don ɓarayi ba, don yara.

A bakin randa na yi karatun da na kasa yi a aji. Bafulatani zai tsuguna ya sha a natse, ba zai zubar da ɗigo ba, ya san abin da ruwa yake. Mutumin Nijar sai ya fara jiƙa bakin rawaninsa. Mata su juya baya su sha. Ɗan birni ya ɗauraye moɗa sau uku kamar wanda ya gabace shi kuturu ne. Kowa kuma in ya gama sai ya dubi ƙofar gidan ya ce, "Allah ya saka wa mai gidan nan." Ni ina tsaye da garwa, gumi har cikin ido, in ce amin. Ban damu ba. Su lada, ni tuwo, kowa ya samu abin da ya fito nema.

Itatuwa suka girma, titin ya canza a ƙarƙashinsu. Ba rana ɗaya ba. Aka zuba kwalta. Aka kawo famfo cikin gidaje, jakina ya yi ritaya, na koma jan tiyo. Sannan katangu suka fara tsawo. Da, daga kan jaki kana hango shanyar gida. Sai aka ƙara bulo uku, aka kafa fasassun kwalabe, daga baya aka naɗa waya mai ƙaya irin wadda da muke kare dashe da ita daga awaki, sai dai yanzu mu ne awakin. Zaure ya tafi, get ya zo. Dakalin da dattawa ke zama da la'asar aka fasa shi don mota ta sami wurin juyawa. Masu gidajen na farko suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu suna Kano, suna Dutse, suna Abuja, ba a buɗe tagogi sai da salla ko rasuwa. Ban san titin da ya kai shi yawan ɗakuna a garin nan ba, ban kuma san wanda ya kai shi ƙarancin masu kwana ba. In ka bi da rana ba abin da za ka ji sai kukan kurciya da rediyon masu gadi.

Matafiya ma suka canza. Mai babur daga Gwiwa kafin ƙishirwa ta kama shi ya iso kasuwa, in ta kama shi ga ruwan leda. Sai dai har yanzu akwai mai keke, akwai mai tura kura, akwai tsohuwa mai tallan kuka, akwai leburan gini, waɗanda sayen ruwa sau biyar a rana ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Randuna suka bi masu su. Wata, mota ta ja da baya ta fasa ta. Wata aka ce tana tara 'yan acaɓa a ƙofa, a ɗauke. Wata na leƙa ta get na gan ta an cika ta da ƙasa an dasa fulawa. Alhaji na kudu ya rasu, ɗansa injiniya ya rushe gidan ya yi bene, ba a bar wa randa wuri ba. Alhaji na arewa ya daɗe, har idonsa ya daina ganin jarida, ana fito masa da kujera gindin darbejiya kusa da randarsa yana sauraron masu sha. Da ya rasu aka rufe gidan, aka bar mai gadi. Ba wanda ya ce in ci gaba, ba wanda ya ce in bari. Tuwo ya yanke. Amma kullum da safe sai ƙafata ta kawo ni, in karɓi tiyo wurin mai gadi in cika.

Matata ta ce, "Malam, da dai ciki ke kai ka. Yanzu mene ne?"

Na ce motsa jiki ne, likitoci sun ce yana da kyau.

Ga gaskiyar. Wata bazara zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu. Ran na biyar na lallaɓo, na zauna a can gefe ina hutawa kafin in ja tiyo. Sai ga wani dattijo da keke, buhun gawayi a baya, rigarsa ta manne da jiki. Ya jingine keken, ya ɗaga faifai, ya leƙa. Wayam. Na jira ya yi tsaki. Sai ya mai da faifan a hankali, ya daidaita shi, ya ce shi kaɗai, "Allah ya sa dai mai zuba ruwan nan lafiya yake." Ya hau kekensa ya wuce. Shekara fiye da arba'in ina cewa amin a kan addu'ar wasu, ranar ce aka yi tawa, kuma ranar ce na kasa cewa amin. Tun daga nan randar ta daina zama ta Alhaji a raina.

Shekara biyu da suka wuce aka buɗe gidan. 'Yar autar Alhaji na arewa ce ta dawo da mijinta da yaranta, likita ce, an maido ta aiki gida. Na san ta tun tana rarrafe, ta sha hawa jakina. Ta tarbe ni da mutunci, ta durƙusa ta gaishe ni, tuwo ya dawo har da nama. Na ce to, duniya ta tuna da ni.

Sai damina ta faɗi, amai da gudawa ya ɓulla a wasu unguwanni. Wata safiya ina goge randa ta fito da farar rigarta a hannu, ta tsaya a kaina.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa Likita, an fito?"

"Baba, magana nake so mu yi, kada ka ji haushi. Randar nan za a ɗauke ta."

Na ci gaba da gugar da nake yi, kamar da randar take magana.

"Moɗa ɗaya, baki ɗari," ta ce. "Kowa ya tsoma hannu. Mutum ɗaya mai ciwo ya isa."

"Shekara nawa ana sha, wa ya mutu?"

"Wanda ya mutu ai ba zai dawo ya gaya maka ba, Baba."

Ta ba ni mako guda.

Kwana biyu ina juya abin. Roƙo ba zai yi ba, yarinyar ta gaji taurin kan ubanta. Sai na tuna ai da tsohuwar zuma ake magani. Ubanta ma da tabaransa da jaridarsa ya faɗa, balle ita.

Ran na uku na tare ta tana shirin shiga mota.

"Likita, na yarda, a ɗauke. Dama ta tsufa. Sai dai abin da ya ɗan dame ni, kada mutane su ce wani abu."

"Kamar me?"

"A'a, ba komai. Injiniya ne, na gidan kudu. Na ji wai ya aika a gina masa randa babba, zai kafa don tunawa da mahaifinsa. Jiya a kasuwa ba maganar da ake sai tasa. Wata tsohuwa har cewa ta yi, ashe dai ɗa namiji ne ke riƙe sunan gida."

Ta dube ni. Ta cire tabarau, irin yadda ubanta ke yi.

"Tsohuwa ce ta faɗa?"

"Tsohuwa ce, ba a biye musu."

"Allah sarki. Bari in taya shi murna."

Kafin in ce wani abu ta ciro waya ta danna, ta buɗe murya yadda zan ji. A zamaninmu in kana son ka ji ta bakin maƙwabci sai ka sa babbar riga ka tsallaka titi, girman kai kuma ba ya barin mutum. Ban lissafa da wannan abar ba.

"Injiniya, ina kwana? An ce randa za ka kafa a ƙofar gida."

"Randa?" in ji muryar. "Wace irin randa? Ni da rabona da Kazaure tun babbar salla. Wa ya gaya miki?"

"Baba mai randuna."

Sai da wayar ta yi ƙara don dariya. "Kai! Yana nan da rai? Ki ce har yanzu tsohuwar nan tasa ba ta mutu ba?"

Likita ta riƙe ƙofar mota tana dariya har da hawaye. Mai gadi ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa ina tsaye da soso a hannu, na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi.

"Wace tsohuwa yake nufi?" na ce.

"Baba," ta ce tana share ido, "labarin nan da shi aka yaye mu. Tun Juma'ar farko suka gano ka. Suna fitowa daga masallaci Babanmu ya ce wa Alhaji na kudu, sannu da ƙoƙari, ka riga mu lada. Shi kuma ya ce, ni ko kai? Nan suka tsaya suka haɗa zancen, har da tsohuwar."

"Suka sani? Duk shekarun nan?"

"Alhaji na kudu ya ce a kira ka a zane ka. Babanmu ya ce a'a. Randa ta riga ta fita, mutane sun riga sun sha, wa zai fara mai da tasa ciki? Ya ce yaron da yunwa ta sa ya yi mana wannan ƙaryar, a ƙara masa miya."

Na tuna yadda miyar gidan arewa ta riƙa zuwa da yawa. Ni a zatona iya gaisuwata ce.

Na zauna a kan tushen darbejiya. Shekara hamsin ina ɗauke da sirri kamar ƙwai a aljihu, ina taƙama a raina cewa ni da aji biyu na juya akawu da falke, ashe yara ma a cikin gida da ni ake musu hira. Abin da ya fi tsaya mini ba kunyar ba ce. Tunanin mutanen nan biyu ne, da suka san ƙarya ce ta fito da randunansu, suka bar su a waje har suka mutu. Wataƙila malamin ɗaurin auren nan bai yi kuskure sosai ba.

Da dabara ta ƙare sai na koma gaskiya, abin da ban saba ba. Na ba ta labarin dattijo mai gawayi. Ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Ta dubi randar.

"Ruwa ba zai yanke a ƙofar gidan nan ba, Baba, na yi maka alkawari," ta ce. "Zan sa a huda katanga a fito da famfo uku daga tanki. Amma randa za ta tashi."

"Ruwan tanki da bazara? Ai sai dai a kawo ganyen shayi."

"Gara mai zafi da mai ciwo."

"Famfo ba ya sa mutum ya tsaya. Murɗawa zai yi ya wuce."

"Baba, ni nake karɓar yaran da ake kawowa a kafaɗa."

Na ce to a bar ni in ɗauke ta da hannuna, kada leburori su sa mata diga.

Ranar da na zo haƙa ta sai ta ƙi motsi. Na kwashe yashi, na zura hannu, sai na ji saiwoyi. Darbejiyar da ke kanta ta miƙo 'yan siraran saiwoyi ta naɗe gindin randar kaf, kamar hannu ya riƙe ƙwarya. Duk shekarun nan tana shan abin da ke tsatsa. Sai a lokacin na ɗaga kai na lura ashe duk layin babu itacen da ya kai ta kauri. Wuni guda na yi ina yanka su ɗaya-ɗaya da 'yar wuƙa, ina ba ta haƙuri. Randar ta fito lafiya, sai ɗan tsagu a baki wanda dama yana nan tun zamanin jakina.

Likita ta ce in tafi da ita, tawa ce. Ta haɗa ni da sharuɗɗa kamar mai sallamar mara lafiya: ludayi mai dogon hannu na ɗiba, kofuna daban na sha, wanki da sabulu, da wani magani da ake ɗigawa. Na ce to. Aka ɗora mini ita a kura, na bi ta a baya muka ratsa titin tun daga farkonsa har ƙarshe, get bayan get, ba wanda ya leƙo.

Gidana yana can cikin lungu, bayan masu gyaran keke, inda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Matata ta fito ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan fa? Gadon ne aka raba aka ba ka?"

"A ƙofa za a kafa ta."

"Da wane famfon? Mu da muke sayen ruwa wurin 'yan garuwa?"

"Allah zai kawo."

"Allah zai kawo, ni kuma in rage na wanki. Shekara hamsin kana sadaka da ruwan mutane, yau za ka ji yadda take."

Ta yi gaskiya, na ji. Ashe ruwa yana da nauyi in naka ne. Amma ita ce da kanta ta ciro sabon faifai daga cikin kayanta, ta ce kada in kunyata ta da wancan tsohon.

Ina bin Layin Manya lokaci-lokaci. Famfunan suna nan, uku, an yi musu ɗan gini da tayil. Mutane sun fi na da yawa, har da masu jarka. 'Yan acaɓa na wanke ƙafa, wani lokaci har da babur in mai gadi ya yi gyangyaɗi. Wasu na yin addu'a, da yawa ba sa yi, hannu ɗaya a famfo ɗaya a waya. Ruwan da ke zuba yana gangarawa gindin darbejiyar nan, ba ta rasa komai ba. Nakan tsaya in murɗa in sha. Da ɗumi, kamar yadda na faɗa. Nakan dubi get ɗin in ce Allah ya saka wa mai gidan nan, ba wanda ke tsaye da garwa da zai ce amin, sai in ce da kaina.

A lungunmu kuwa masu sha ba su da yawa: masu gyaran keke, mai tallan kuka, wani makaho da ya gane wurin da ƙamshin jiƙaƙƙen yashi. Makon jiya tela maƙwabcina, wanda muka shekara ashirin muna gardama a kan makwararar ruwa, ya tsaya ya daɗe yana kallon randar. Jiya na ga an sauke yashin rafi a ƙofarsa.

Matata ta dube ni ta gefen ido.

Na ce mata wallahi gaisawa kawai muka yi. Ta ce ta ji, amma in gaya mata, tsohuwar me ta ce wannan karon?